A-kori-kurar Juma'a da a-kori-kurar Litinin

Kawuna bakanike ne, ya fi shekara talatin yana kwanciya ƙarƙashin motocin mutane. Wata Asabar da hantsi, cikin watan Fabrairu, na same shi a gareji yana jiran yaronsa ya dawo daga sayen fanbel. Na ja tsohuwar taya na zauna, na ciro waya. A daren jiya an yi tseren a-kori-kura a filin Daytona da ke jihar Florida ta Amurka, kuma da yake wajen ƙarfe ɗaya da rabi na dare agogonmu suke farawa, sai da gari ya waye nake samun guntayen da aka yanka in kalla. Ƙarar injuna ce ta jawo shi. Ya leƙo ta kafaɗata yana goge hannu da tsumma.

"Wannan kuma mene ne?"

"Tsere ne, Kawu. A-kori-kura ce har 36."

"To ina za su?"

"Ba inda za su. Zagaye suke yi."

Ya ɗan yi shiru yana kallo. "Hagu kawai suke karyawa?"

"Hagu kawai, har sau 100."

"Allah ya shirya," in ji shi. "Ƙoshi ne ya yi musu yawa."

Bai rufe baki ba wata ta taɓa bayan wata. Ta gaban ta juya a gicciye, waɗanda ke biye suka yi ta afka mata, hayaƙi ya turnuƙe, taya da guntayen bodi na tashi sama. Kawu ya yi salati. Da ƙura ta lafa sai ga direban motar da ta fi kowace ragargajewa ya sauke ragar tagarsa, ya zuro ƙafa ta taga, ya diro, ya cire hular kwano yana ɗaga wa jama'a hannu. Kawu ya karɓe wayar daga hannuna. "Mayar mini baya, ɗan nan." Na mayar. Ya kalla sau uku, yana tsayar da hoton daidai inda gefen motar ya yage, ƙarafan ciki suka fito fili. Ya miƙo mini wayar ya ce, "Wannan ai ba mota ba ce. Keji ne aka ɗinka wa riga."

Na daɗe ina karanta masu sukar wannan wasa da masu kare shi, ban ga wanda ya kama bakin zaren kamar yadda Kawu ya kama shi a minti biyu ba. Masu suka na cewa ganganci ne, ɓarnar mai ne, wasa da rai ne. Ni kuma ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. A duk faɗin Amurka, filin tseren nan ne wurin da aka fi ɗaure a-kori-kura da doka. Wadda ya kamata a tuhuma ita ce 'yar'uwarta da ake sayarwa a shago, wadda ke bin titin unguwa ranar Litinin da safe lokacin da yara ke tsallakawa zuwa makaranta.

Bari in fara da rigar. Hukumar da ke shirya wasan, NASCAR, tana kiran motocinta da sunan da ma'anarsa ita ce motar da aka ɗauko kai tsaye daga shago. A da can gaskiya ne. Bill France ya kafa hukumar a 1948 a Daytona Beach, kuma a tseren farko na babban rukuninsu, wanda aka yi a Charlotte a watan Yunin 1949, sharaɗin shi ne ka zo da mota yadda kamfani ya ƙera ta. Glenn Dunaway ne ya riga kowa tsallake layi da wata Ford ƙirar 1947. Da masu bincike suka shiga ƙarƙashinta sai suka tarar an taɓa sifirin ɗin baya, irin gyaran da masu fasa-ƙwaurin barasa ke yi don motar ta ɗauki nauyin tuluna ba tare da ta zauna ba. Aka ƙwace nasarar aka ba Jim Roper, wanda ya tuƙo wata Lincoln tun daga Kansas. Wato tun ranar farko asalin wasan ya tona wa kansa asiri. Da yawa daga direbobin farko masu dakon giyar bayan fage ne a duwatsun kudancin ƙasar, waɗanda suka koyi gudu saboda jami'an haraji na bin su da daddare. A Hausa ma abin ya zo daidai, giya suke ɗauka, giya suke canzawa. Junior Johnson, wanda ya ci babban tseren Daytona a 1960, sai da ya yi wata 11 a kurkuku kan wannan sana'a, Shugaba Reagan ya yi masa afuwa a 1986.

Wannan zamani ya wuce. Rukunin a-kori-kura ma bai taɓa ganinsa ba, don sai a 1995 aka fara shi, bayan wasu masu tseren sahara sun kawo shawarar a gwada irin motocinsu a kan kwalta. An yi na farko a Phoenix ta jihar Arizona, Mike Skinner ya ci, shi ne kuma ya ɗauki kambun shekarar. Abin da ake kira Silverado ko F-150 ko Tundra a filin, wato sunayen a-kori-kurar kamfanonin Chevrolet da Ford da Toyota, kwarangwal ne na bututun ƙarfe da aka yi wa walda, aka ɗora masa inji mai silinda takwas, sannan aka lulluɓe shi da bodi mai kama da fuskar motar shago. Ba ta da ƙofa, shi ya sa direba ke shiga ta taga. Fitilun gabanta sitika ne aka manna. Akwatin bayanta a rufe yake ruf, ko buhun gawayi ɗaya ba zai shiga ba. Tun 2018 ma yawancinsu inji iri ɗaya suke amfani da shi, na kamfanin Ilmor, ko da tambarin wa ke goshin motar. Mai Ford da mai Toyota na iya yin musu har su ɓata a kan wace ta fi, alhali zuciya ɗaya ce ke bugawa a cikinsu.

Masu raina wasan saboda hagu kawai ake juyawa, ina yi musu uzuri, don ni ma haka na ɗauka da farko. Sai da na fara sauraron muryoyin da ke cikin hular direba na gane abin da ake yi. Filin Daytona kilomita 4 ne a zagaye, siffarsa kamar ƙwai da aka ɗan matsa gefe ɗaya, kuma kwanoninsa a karkace suke har digiri 31, gangaren da mutum ba zai iya hawa a tsaye cikin sauƙi ba. A can ba a cika ɗaga ƙafa daga totur ba. Motocin kan haura kilomita 280 a awa, a jere biyu-biyu ko uku-uku, tsakanin hancin wannan da bayan waccan bai kai taku ɗaya ba. A-kori-kura faffaɗan goshi gare ta, tana huda babban rami a cikin iska, wadda ke bayanta sai ta shige ramin ta samu sauƙi, ta kuma tura ta gaba. Wanda ya fita daga layi shi kaɗai ba tare da abokin turi ba, iska za ta mare shi ya koma na ashirin kafin ya ƙifta ido. Don haka kowa na neman aboki, kowa kuma ya san abokin nan zai yaudare shi a zagayen ƙarshe. Direban ba ya iya waiwaye, kansa a tallafe yake hagu da dama. Idonsa na gefe wani mutum ne da ke tsaye can saman rumfar 'yan kallo da madubin hangen nesa, yana faɗa masa ta rediyo: akwai mota a ƙasanka, tana nan, tana nan, ta wuce, sauka. Duk wanda ya taɓa ganin direban tirela na ribas a cikin kasuwa yaronsa na buga masa bodi, ya san irin amanar da ke tsakanin mutanen nan biyu, sai dai nan a gudun da ya ninka na babbar hanya ake yin ta.

Martinsville ta jihar Virginia kuma wata duniya ce daban. Ba ta kai kilomita ɗaya ba, miƙaƙƙun hanyoyi biyu da kwanoni matsattsu kusan a shimfiɗe. Birki ake ci a can har faifansa ya yi ja kamar garwashi, kuma in na gabanka ya ƙi ba ka hanya, ka ɗan dungure shi da bamba ya zame, ka wuce. Wanda ya ci ana ba shi dogon agogon katako mai tsayuwa a ƙasa. A wannan fili ne Bubba Wallace ya ci tseren a-kori-kura a watan Oktoban 2013, ya zama baƙar fata na farko da ya yi nasara a ɗaya daga manyan rukunan NASCAR tun bayan Wendell Scott a 1963. Shekara hamsin cur. Wannan ma wani zance ne mai zaman kansa, ba shi na zo yi yau ba.

Abin da na zo yi shi ne zancen kejin. Kada wani ya ɗauka hukumar nan tausayi ne ya sa ta gina shi. Gawa ce ta gina shi, ɗaya bayan ɗaya. A watan Maris na 1997 John Nemechek ya bugi katanga a tseren a-kori-kura a Homestead ta Florida, ya rasu bayan 'yan kwanaki yana da shekara 27. Ɗan wansa da aka haifa a shekarar aka sa wa sunansa, shi ma yanzu direban tsere ne. A Fabrairun 2000, ranar da aka fara kai a-kori-kura Daytona, motar Geoff Bodine ta tashi sama ta daki shingen da ke tsakanin fili da 'yan kallo, ta kama da wuta, ta yi ta wuntsilawa har inji ya rabu da ita, ba abin da ya rage sai kejin. Wasu 'yan kallo sun ji rauni. Bodine ya kakkarye, amma ya rayu, har ya koma tsere a shekarar. A watan Oktoba na wannan shekara Tony Roper ya bugi katanga a filin Texas, shi bai rayu ba. Kafin shi, a watan Mayu da Yuli, Adam Petty da Kenny Irwin sun mutu a fili ɗaya a New Hampshire, a wasu rukunan.

Abin da ke kashe su kusan iri ɗaya ne. Bel ya riƙe gangar jiki gam a kujera, mota ta tsaya cak a jikin kankare, kai kuwa da nauyin hular kwano sai ya ci gaba da tafiya, ƙashin gindin ƙoƙon kai ya tsage. Abin takaicin shi ne maganin yana nan tun shekarun 1980. Wani malamin jami'a, Robert Hubbard, da surukinsa direban tsere Jim Downing sun ƙera wani abin wuya da ake kira HANS, wanda ke zama a kafaɗa ƙarƙashin bel, da igiyoyi biyu da ke riƙe hular. Direbobi da yawa sun ƙi shi, wai yana takura su, hukumar kuma ta bar wa kowa zaɓinsa. Sai ranar 18 ga Fabrairun 2001, a kwanar ƙarshe ta zagayen ƙarshe na babban tseren Daytona, Dale Earnhardt, wanda ya ɗauki kambu sau bakwai, ya bugi katanga a gaban miliyoyin masu kallon talabijin. Bugun ma bai yi kama da mai tsanani ba. Ya mutu da irin raunin nan.

Ihu bayan hari ne, amma sun yi ihun da gaske. A watan Oktoban 2001 aka wajabta abin wuyan. Aka sa wa motoci na'urar da ke naɗar ƙarfin bugu, don kowane haɗari ya zama darasi a rubuce. Injiniyoyin Jami'ar Nebraska suka fito da wata katanga mai laushi da ake kira SAFER, bututun ƙarfe a gaba, tubalan soso a baya, sannan kankare, ta yadda katangar ke lanƙwasawa ta shanye wani kaso na bugun. An fara kafa ta a Indianapolis a 2002, ta bazu zuwa sauran filaye. Aka sake fasalin kujeru suka rungume direba tun daga ƙugu har kai. Tun daga Earnhardt, fiye da shekara ashirin ke nan, ba direban da ya mutu a tseren manyan rukunan NASCAR uku, har da na a-kori-kura. Mu masu imani mun san ajali ba ya wuce lokacinsa. Mun kuma san an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Mutanen nan sun ɗaure nasu ne bayan raƙuma da yawa sun ɓace, sai dai tun da suka ɗaure ba su sake kwancewa ba.

To, yanzu mu fita daga filin mu shiga gari.

Kamfanonin mota ba don Allah suke zuba kuɗi a wasan ba. Dillalan Amurka na da wata tsohuwar magana, wai ka ci tsere ranar Lahadi ka sayar da mota ranar Litinin. A-kori-kura galibi daren Juma'a take nata, amma lissafin ɗaya ne. Kuma a ƙasar, a-kori-kura ce uwar riba. Jerin F na kamfanin Ford ya riƙe matsayin a-kori-kurar da aka fi saya tun 1977. Lokacin da Toyota ta so Amurkawa su daina kallon Tundra a matsayin baƙuwa daga Japan, wannan rukuni ta shiga a 2004, kafin ta hau babban rukuni a 2007. Akwai ma wani tarihi mai ban dariya a ƙarƙashin kasuwar. A farkon shekarun 1960 ƙasashen Turai, musamman Jamus ta Yamma da Faransa, suka ɗora haraji kan kajin da Amurka ke kai musu. Shugaba Lyndon Johnson ya rama da harajin kashi 25 cikin 100 kan ƙananan motocin ɗaukar kaya da ake shigowa da su, ya fara aiki a 1964. Rikicin kaji ya mutu tuntuni, harajin yana nan daram. Shi ya kare kamfanonin gida daga gogayya, shi ya sa Toyota ke ƙera Tundra a San Antonio ta Texas. Hilux ɗin da muka sani, wadda ta cika hanyoyinmu, ba a sayar da ita sabuwa a can, tun 1995 aka maye gurbinta da Tacoma. Ga kuma dokokin shan mai da suka daɗe suna yi wa motocin kaya sassauci fiye da ƙananan motoci. Kamfani ya ga inda riba take da inda doka ta yi laushi, sai ya yi ta ƙara wa motar tsawo da faɗi da nauyi.

Wanda bai taɓa tsayawa kusa da irin waɗannan motoci ba zai yi wuya ya gane girmansu. Ajiye Hilux kusa da babbar Silverado sai ka ce ƙanwa da yaya. Bonet ɗin wasu yana kai wa ƙirjin babban mutum, kuma goshin a miƙe yake kamar bango. Yaro ɗan firamare zai iya tsayawa a gabanta direba bai gan shi ba. In ƙaramar mota ta bugi mutum, ƙafafunsa take ɗauka ya faɗa kan bonet. In wannan ta buge shi, ƙirji da kai take samu, ta kuma tura shi ƙasa ta bi ta kansa. Cibiyar IIHS, wadda kamfanonin inshorar motoci na ƙasar ke ɗaukar nauyinta, ta duba haɗura kusan 18,000 ta fitar da sakamako a 2023: motar da tsawon goshinta ya wuce inci 40, wato mita ɗaya da 'yan kai, ta fi wadda ba ta wuce inci 30 ba yiwuwar kashe mai tafiya a ƙasa da kusan kashi 45 cikin 100. A 2009 masu tafiya a ƙasa kimanin 4,100 mota ta kashe a Amurka. A 2022 sun haura 7,500. Girman mota ba shi kaɗai ya jawo haka ba, akwai waya a hannun direba, akwai titunan da aka shimfiɗa ba a tuna da mai ƙafa ba, akwai duhun dare. Amma girman yana ciki, kuma shi ne wanda wani ya zauna a ofis ya zana da hannunsa.

Nan ne abin ke ba ni haushi. A cikin fili, tsawon motar da faɗinta da nauyinta duk a rubuce suke, ana aunawa kafin tsere, ana sake aunawa bayansa, wanda ya saɓa a ƙwace masa nasara kamar yadda aka yi wa Dunaway. Kowa gefe ɗaya ya nufa. Ba mai tsallaka titi, ba mai keke, ba mai amsa waya. 'Yan kallo na bayan shinge. Motar asibiti da ta kashe gobara na tsaye da inji a kunne. Direba sai likita ya duba shi bayan kowane bugu mai ƙarfi kafin a sallame shi. Mutum huɗu ko biyar suka mutu cikin 'yan watanni aka juya wasan gaba ɗaya. A waje kuwa dubbai ke mutuwa duk shekara, amma yayin da Turai ta fara tilasta wa kamfanoni su sassauta goshin mota saboda mai tafiya a ƙasa tun 2005, sai a Satumban 2024 hukumar kiyaye haɗura ta Amurka ta gabatar da daftarin irin wannan doka. Bambancin a bayyane yake. Earnhardt yana da suna da lamba 3 a jikin motarsa, an kuma ga mutuwarsa kai tsaye. Matar da aka take a bakin kanti da magariba ba wanda ya sani sai 'ya'yanta.

Saboda haka in za a tuhumi tseren, ga tuhumar da na yarda da ita: yana sayar da rigar ya bar kejin a fili. Mai kallo ya ga goshin Silverado na huda iska, ya ga direba ya fito daga tarkace yana murmushi, ya tafi gida da jin cewa wannan mota ƙarfi ce da kariya. Ya sayi tasa, kuma gaskiya ne, shi da ke ciki ya samu kariya. Wanda ke waje ne ya biya kuɗinta. Dokar da ta sa motar fili ta zama abin amincewa, wato aunawa da tilastawa da hukunci, ba ta cikin abin da dillali ke miƙa wa mai saye tare da makulli.

Ba zan ce wasan ba shi da nasa laifin a cikin gida ba. Rukunin a-kori-kura makaranta ce, a nan matasa ke koyon sana'ar kafin su hau sama, kuma ana barin ɗan shekara 16 ya shiga a gajerun filaye. Cole Custer yana da 16 ya ci tsere a New Hampshire a 2014. Kujerun da yawa kuma na wanda ya zo da kuɗin talla ne, ko na ubansa ko na kamfanin da ya tsaya masa, ba lalle na wanda ya fi iyawa ba. In ka haɗa ƙuruciya da kuɗin da ba kai ka nema ba da motar da ka tabbata ba za ta kashe ka ba, abin da za ka samu shi ne ƙarshen tsere da ke zama kamar dambe, a yi ta ragargaza motoci ana sake farawa. Tsofaffin direbobi irin su Ron Hornaday, mai kambu huɗu, sun taso ne lokacin da katanga ke kisa, kuma ana ganin haka a yadda suke ba juna wuri. Kejin ya ceci rayuka, ya kuma rage kunya. Wannan ina jin sa a raina duk lokacin da nake kare wasan.

Akwai kuma batun kuɗin jama'a. Filin North Wilkesboro, a yankin su Junior Johnson, an rufe shi a 1996, ciyawa da itatuwa suka fito ta tsagin kwalta. A 2021 jihar Carolina ta Arewa ta ware dala miliyan 18 daga kuɗin farfaɗowa bayan annobar korona don gyara shi, aka dawo da manyan tsere a 2023, har da na a-kori-kura. Mutanen yankin, waɗanda masana'antunsu suka daɗe da rufewa, sun yi murna, kuma ban ga laifinsu ba. Ni dai da za a tambaye ni, da na ce gwamnatin da ta iya samo miliyoyi don katangar da za ta kare direba 36, ta nemo na fitila da wurin tsallakawa a titin da ke kai mutane filin.

Mu nan ba mu da irin wannan fili, amma muna da a-kori-kura, kuma mun san yadda take tafiya ranar kasuwa: buhuna har sun wuce kan direba, mutane a saman buhunan ƙafafu na reto, akuya a tsakiya. Muna da samarin da ke juya mota a kan titi ranar ɗaurin aure, 'yan kallo sun yi musu zobe ba shinge ba komai, taya na hayaƙi a taku biyu daga ƙafar yara. Duk wanda zai kalli Daytona ya ce Turawa sun haukace, ya fara kallon wannan tukuna. Son gudu ba a Florida aka ƙirƙiro shi ba, jikokin masu sukuwa ne mu. Su dai sun kai nasu cikin shinge, suka sa masa alƙali.

Yaron Kawu ya dawo da fanbel ɗin, ba irinsa ba ne, aka sake tura shi. Kafin ya dawo wata tsohuwar a-kori-kura ta shigo garejin, bayanta ya zauna har taya na gogar bodi. Mai ita ya fito ya gaida Kawu, ya ce a ƙara mata ganyen sifirin biyu-biyu, lodin hatsi zai fara ɗauka zuwa kudu. Kawu ya zagaya ta, ya leƙa ciki. Bel ɗin kujerar direba an yanke shi, an ɗaure ƙofar fasinja da shi.

"Alhaji, wannan fa?"

"Ƙofar ce ba ta kamawa."

Kawu ya dube ni, ya dubi wayar da ke hannuna. Ya ce wa mutumin sifirin zai kai gobe, amma makullin ƙofar yanzu zai gyara shi, kuma akwai bel a jikin wata da aka yi fatali da ita a bayan gareji, zai ciro ya ɗaura masa. Alhaji ya ce shi bai zo da kuɗin wannan ba. Kawu bai amsa ba, ya riga ya ɗauki sifana ya nufi baya.